Tsagar da Na Guje Wa

Gobe da hantsi za a zana ni. Ni da furfura ta cinye wa gemu, ni da gwiwa ke ƙara in ina hawa matakalar jirgin ƙasa, zan je in zauna gaban wata yarinya mai koren gashi ta sa mini allura a fata. Mutum biyu na faɗa wa. Ɗaya ya ce haramun ne, ɗaya ta yi dariya har ta sarƙe. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faro, ko da yake rubutun na wanda bai wuce aji huɗu ba ne. Ba wanke kaina nake so in yi ba. Yau dai ba ni da aiki, ɗakin shiru, kuma tun safe kunnena ke jiyo ƙarar wasa aska a kan fata, ƙarar da rabona da ita ya haura shekara arba'in.

A garin da aka haife ni ba a tambayar mutum daga ina yake. Fuskarsa ake dubawa. Ranar kasuwa kakata kan zauna a bakin zaure da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa, tana karanta masu wucewa yadda malam ke karanta allo. Wannan ɗan gidan maƙera ne. Wancan daga ƙetaren gulbi ya fito, kakansa ya taɓa neman ƙanwata aka hana shi. Waccan mai tallar nono ba ta nan ba ce, amma uwarta tamu ce, dubi gefen idonta. Ba ta taɓa kuskure ba, ko kuma in ta yi babu mai iya musa mata. Tsagar gidanmu ba ta da yawa: uku-uku a gefen baki, sai bille guda da ya taso daga karan hanci ya kwanta a kunci. Babana yana da ita, ƙannensa suna da ita, yayata mace da nake bi tana da ita. In suka zauna cin tuwo sai ka ce mutum ɗaya ne aka raba shi gida-gida. A lokacin gari ba ya wayewa da agogo. Taɓarya ce ke tashe ka, daga wannan gida ta amsa wa wancan, sai guga yana bugun bangon rijiya, sai awaki su kama kuka a turke don sun san ni ne zan kwance su. In kai su bayan gari, in dawo in ɗebo ruwa, in gero ya fara nuna in wuni a gona da gwangwani da tsakuwa ina korar tsuntsaye har murya ta dushe. Kowa ya san ɗan wane ne ni. Ko jakin maƙwabta ya san ni.

Wanzamin garinmu dogo ne siriri mai yawan ba'a. Kafin ka gan shi za ka ji zabirarsa, ƙahoni da asake suna karo da juna a ciki. In ya zauna gindin darbejiya sai ya ciro wani guntun fata, ya maƙala shi a babban yatsan ƙafa, ya kama wasa aska, sama, ƙasa, sama, ƙasa, yana zolayar tsofaffi. Ranar suna ake yi wa jariri tsaga, bayan an yanka rago an yi aski. A kankaro kunkunniya daga rufin madafa, baƙin hayaƙin nan da ya shekara yana taruwa, a shafa a wurin don tsagar ta fito baƙa. Jariri ya yi kukansa, a miƙa wa uwa, ya kama nono, shi ke nan ya zama ɗan gida. Ni ne ba a yi wa ba. An haife ni ƙanƙane, kamar ɓera in ji Kaka, wanzami ya juya ni a tafin hannu ya ce babu wurin sa aska a nan, a bari ya yi nama. Aka bari. Bana ciwo, baɗi fari, har na kai shekara bakwai aka yi mana kaciya, na san abin da ake kira aska. Ina warkewa Kaka ta ta da maganar. Ta ce ba za ta mutu ta bar miji da fuskar baƙo ba, don mijinta take kirana, irin wasan jika da kaka.

Ba a gaya mini ranar ba. Na dawo daga kai awaki ne, ina shiga lungunmu na ji ƙarar nan, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ban yi shawara da kowa ba. Na zagaya ta bayan gida, na tuɓe takalma, na haye rumbu, na ɗaga murfin na faɗa ciki. Wanda bai taɓa wuni a cikin rumbun gero ba bai san ƙaiƙayi ba. Ga zafi, ga duhu, ga atishawa tana zuwa ina danne ta da hannu biyu. Komai ina ji. Ina jin Inna tana kirana, muryarta tana sauyawa, har ta ce a leƙa rijiya. Ina jin Baba yana aika yara bayan gari. Can sai na ji takun mutum ya tsaya jikin rumbun, muryar Yaya ta ce a hankali, “Na ga takalminka, sakarai.” Na ji ta tura su ƙarƙashin rumbu da ƙafa, ta wuce. Wanzami ya sha furarsa, ya jira har azahar, sannan na ji yana tattara kaya yana dariya. Ya ce, “Ku bar shi. Aska ba ta bin kowa, ita ake bi.”

Da la'asar na fito, jikina duk ya yi ruɗu-ruɗu. Baba bai doke ni ba, da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Kaka kwana uku ba ta yi mini magana ba, ita da ke ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Rana ta huɗu ta kira ni, ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu. Ta ce, “To, mijina, ka tsira da fuskarka sumul kamar ƙwai. Amma ka ji, tsaga ba ado ba ce. Ita ke kai mutum gida ranar da bakinsa ya kasa.” Ta ba ni labarin wani kawunta da aka kama yana yaro a zamanin yaƙi, ya girma a wata ƙasa har ya manta Hausa, wani fatake ya gan shi a kasuwa, ya duba kuncinsa, ya kawo shi har ƙofar gida. Na saurara ina sosa wuya. Aka ce sai baɗi. Kafin baɗi wanzami ya rasu, ɗansa bai gaji zabira ba, ya tafi koyon tuƙi. Ma'aikatan lafiya kuma suka fara yawo suna cewa a daina. Kaka ta rasu fuskata tana nan sumul yadda take.

Gaskiya ita ce na daɗe ina jin na yi dabara. A birni na ga yadda ake tsokanar masu tsaga, a ce mage ta yakushe su. Da na iso New York kuwa fuskar nan ita ta ci da ni. Na fara da tallar agoguna da tabarau a titi na 125, inda Hausawa suka sa mini Mai Agogo, sunan da ya bi ni har yau ko da yake rabona da agogo an daɗe. Da aka tashe mu daga bakin titi sai na nemi aikin wanke-wanke a gidan abinci, su kuma sai da takardar izinin aiki. Wani Kirista ɗan Ghana da muke ɗaki ɗaya ya ba ni tasa. Samuel sunansa. Tsayinmu ɗaya, baƙinmu ɗaya, fuskarsa sumul, tawa sumul, Bature kuma ba ya duban baƙin mutum sau biyu. Mai tsaga ba zai iya wannan ba. Samuel ya koma ƙasarsu tun tuni, ya bar mini sunansa kamar tsohuwar riga, ina sanye da ita shekara ashirin da wani abu. A wurin aiki ni ne Sam. A masallaci ni ne Mai Agogo. Matar da na bari a gida ta gaji da jira, kuma ban ga laifinta ba. Ɗakina a Tompkinsville ƙarƙashin ƙasa yake, tagar daidai da ƙafafun masu wucewa, na san takalman unguwar nan fiye da fuskokinsu. A can jaki ya san ni. A nan mai gidan da nake haya bai san da wane harshe nake mafarki ba.

Da haka zan ƙarasa, sai ga abin da ya sami wani Bagobiri. Sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, mu gaisa, kowa ya kama gabansa. Ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa, ya cika kafin a kai asibiti. Takardar da ke aljihunsa ta wani ce, kamar tawa. Ma'aikatan asibiti suka nemi dangin mai sunan ba su samu ba. Mu kuma da muka daina ganinsa muka ce ya koma unguwar Flatbush, wasu suka ce ya sami aiki a wata jiha. Ya yi makonni a cikin sanyin ɗakin ajiye gawa, har an fara shirin kai shi tsibirin nan da ake binne waɗanda ba su da kowa, akwati kan akwati, ba wanka ba salla. Wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da ke goge-goge a asibitin ita ta ga fuskarsa ana turo shi. Tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya. Ranar Juma'a ta zo ta tsaya a ƙofar masallaci ta ce, “Akwai ɗan'uwanku Bagobiri a firji, ku je ku duba wanda kuka rasa.” Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ina zuba ruwa ina kallon layukan nan, sun yi masa magana bayan bakinsa ya kasa, daidai yadda tsohuwar ta ce. Da muka fito na shafa kuncina. Ƙwai.

Akwai wani shagon masu zanen jiki, tatu, da nake wucewa kullum in zan hau jirgin ruwa. Na wuce shi ya fi sau ashirin ina rage tafiya kafin na tura ƙofar. Injinsu yana kuka kamar rina ta shiga tulu. Yarinyar mai koren gashi ta zaunar da ni, na yi mata bayani da ɗan Turancina, na nuna da yatsa a fuskata. Ta saurara sosai, ban yi zato ba. Ta ce ba ta taɓa fuskar wanda bai taɓa yin zane ba, don mutane kan yi nadama. Na ce nadamar na riga na yi ta, shekara arba'in. Sai ta ciro wani alƙalami da suke shata zane da shi a fata, ta ce in zana da kaina, in yi mako guda ina yawo da shi, in har ina so in dawo. Ta ba ni fom in cike. Akwai layin da ake sa wanda za a kira in wani abu ya faru. Na daɗe a kan layin nan. Daga baya na rubuta lambar Yaya ta gida. Ta duba ta ce lambar ta yi tsawo. Na ce wurin ne da nisa.

Kafin in zana sai da na sami malaminmu bayan salla, don ba na so in yi abu a ɓoye kamar ɓarawo. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Mai Agogo, da girmanka? Zanen 'yan ƙwallo za ka je ka yi?”

Na ce, “Tsagar gidanmu ce, Malam.”

“Ita ma tsagar ai ba addini ba ce, iyayenmu ne ba su sani ba. Wannan kuwa haramun ne, ba sai na buɗe littafi ba. Ka rubuta sunanka a kati ka sa a aljihu.”

“Bagobiri ma da kati a aljihunsa.”

“To sa lambata.”

“Malam, ba kai ka ce bayan Babbar Salla za ka koma gida ba?”

Ya mai da tabaransa. Ya ce, “Ni dai na gaya maka hukunci. Kuma duk inda gawarka ta kwanta, Allah ya san mai ita.” Na ce haka ne. Ban yi masa musu ba, don ya fi ni sani, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni na zuba wa Bagobiri ruwa, na ji sanyin jikinsa a hannuna. Ina so a yi mini salla. Iyakar abin da nake nema ke nan a ƙasar nan yanzu.

Washegari da safe na tsaya gaban madubin banɗaki na ja layukan, uku nan, uku nan, sannan bille. Da na ɗago sai ga Baba yana kallona. Ban san na kai shekarunsa ba sai ran nan. Na zauna a bakin baho har na kusa makara. Na hau jirgin ruwa da fuskar nan, na hau jirgin ƙasa, ina jira wani ya duba. Babu wanda ya duba. A garin nan ko ƙaho ka fito da shi kowa wayarsa yake kallo. Mutum ɗaya ne ya yi magana, shugaban kicin, ya ce, “Sam, akwai datti a fuskarka, je ka wanke.”

Kwana biyar ina sabunta zanen kafin na kira Yaya ta wayar da ake ganin juna. Nan rana tsaka, can sun idar da magariba. Ta tsufa, haƙoran gaba sun tafi, kuma kullum sai ta manna wayar a hanci. Ta ja da baya ta ƙura mini ido, sai dariya, har da tari.

“Wane ne wannan? Ɗan gidan mahautan ƙetaren gulbi?”

Na ce, “Tsagarmu ce, Yaya.”

“Tsagar wa? Billenka a hagu yake. Namu a dama yake, sakarai. Na hagu na mahauta ne. Da ka mutu da wannan, gidan Sarkin Fawa za a kai ka, su yi ta neman wanda ya haife ka.”

Ta juya kuncinta ta nuna mini, ga shi nan cikin tamoji, da ƙyar ake ganinsa. Ni a fuskar wasu kawai na san shi, ina kallonsu suna kallona, ban taɓa tunanin a wane gefe zai zauna in a tawa fuskar ce ba. Na gaya mata labarin Bagobiri, da tsibirin, da sunan da ke aljihuna. Dariyar ta tsaya.

Ta ce, “To wa zai karanta maka ita a can? Nan ma babu mai karantawa. Jikokina tambayata suke wa ya ji mini ciwo. Daga ni sai mutum biyu suka rage da ita a garin nan, ɗaya ma ba ya gani.”

Na shafa billen da na zana a hagu.

“Laifin namu ne mu biyu. Ni na tura takalman.” Ta goge ido da gefen mayafi. “In dai sai ka yi, sa su rubuta sunanka da rubutun da su suke iya karantawa. Sunanka na yanka, da na Baba, da garinmu. Ka sa Musulmi ne. Allah ya yafe mana, ni da kai.”

Sai ta kira ni da shi. Sunan da aka raɗa mini ranar da wanzami ya juya ni a tafin hannu. Na lissafa daga baya, tun rasuwar Inna babu wanda ya kira ni da shi a baki, don ita Yaya sakarai take ce mini ko auta. Sai da ta sake faɗa kafin na amsa.

Na koma wurin mai koren gashi da takarda. Za ta rubuta sunan a cikin damtsen hannu, inda fatar ta fi haske, inda mai cire wa gawa riga ba zai rasa gani ba. Uku-ukun gefen baki na haƙura da su, sun tafi tare da masu karanta su. Bille kaɗai na roƙa, ƙarami, a dama, wanda Bature zai ɗauka tsohon tabo ne. Ta dube ni ta dubi takardar, ta ce to. Billen ba na asibiti ba ne, na Kaka ne.

Ta ce in ci abinci sosai, in sha ruwa da yawa, in yi barci, kada in sha maganin da ke tsinka jini. Ta ce kada in sha giya, na ce wannan an riga an hutar da ke. Na dafa shinkafa da wake, na dama kunu na sa a firji. Na aske gashin hannun da kaina, na wanke riga mai gajeren hannu. Malam bai san na yanke shawara ba tukuna, zai gani ranar Juma'a, ya faɗi abin da zai faɗa, in sunkuyar da kai. Sunan ba zan rubuta shi a nan ba, gobe za a rubuta shi inda ba ya ɓacewa. Takalmana na ajiye su a bakin ƙofa, suna kallon waje. Babu rumbu a garin nan, kuma babu mai tura mini su ƙarƙashi.